Gurbin da aka bari a sahu

Yayana direba ne tsakanin Parakou da Djougou. Da ciwon daji ya kama masa mafitsara, likitoci suka cire ta, suka maƙala masa jakar fitsari a gefen ciki.

Ya koma masallacin unguwarmu ta Ganou da jakar a ƙarƙashin riga. Malam ya ce sallarsa ta yi, lalura ce. Amma duk lokacin da liman ya ce a daidaita sahu, sai mutanen da ya sha ɗauka kyauta a motarsa su matsa, su bar gurbin mutum guda a gefensa. Ni kaɗai nake haɗa kafaɗa da shi. Daga baya ya koma sallah a ɗaki, har ya rasu.

Bana wani cikin mutanen nan ya tare ni da waya a hannu, yana murna. Wai an samo maganin da ake zubawa cikin mafitsara, wasu ba sai an cire musu ba.

“Ina ma yayanka ya riski wannan,” in ji shi.

Na ce, “Alhaji, taku ɗaya kawai ya nema a wurinka a sahu.”