Ɗacin da na ɗauka magani ne

Assalamu alaikum. Tun ƙarshen damina ba ku gan ni a nan ba, wasu har sun ce na gudu Agadas. Ban gudu ba, kwanciya na yi a asibiti.

Wanda ya san ni a Damagaram ya san ban gaji komai ba. A kolej na tsaya, na koyi walda, yau ateliye, shagon ƙera ƙofofin ƙarfe, nawa ne. Abin da idona ya gani, hannuna yana yi.

Haka na ga bidiyon biskit na kurjet a waya. Kurjet, wannan doguwar kabewa kore ta 'yan garka. Ina da ita a garkata ta Mirriya, irin ma ni na ajiye daga ta bara, ban saya ba. Na yanka ganga na ƙera tanda. Na gurza kurjet, na matse ruwan, na haɗa da garin alkama, ƙwai, sukari da man shanu.

Suka fito ja-ja, ƙamshi har zaure.

Matata, Maman Nana, ta gutsuri ɗaya ta tofar a hannu.

"Alhaji, wannan da ɗaci."

Na ce, "Shuwaka ba ta da ɗaci? Maɗaci fa? Ɗaci ai magani ne."

Ta ce, "To sha maganinka kai kaɗai. Yarana ba za su taɓa ba."

Na ci a gabanta, na ƙara, sauran na zuba a gwangwanin madara.

Kafin la'asar cikina ya murɗa. Amai, gudawa, daga baya har da jini. Da ƙanena ya kai ni asibiti ƙafafuna ba sa ɗaukata.

Aka sa mini serom, ƙarin ruwa. Aka yi analiz, gwajin nan, na masassara, na tayifot, na kwalara, duk babu. Ordonans kan ordonans, ƙanena yana zirga-zirga farmasi da takardun maganin nan, har na ce a sayar da babur ɗin ateliye.

Likitar da ke dubana mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ce, "Alhaji, me kuka ci?"

Na ce, "Abin da kowa ya ci a gida."

A raina ba ƙarya na yi ba. Biskit ɗin ban lissafa shi cikin abinci ba, magani ne, shi ya sa ma na sa ƙanena ya jefa gwangwanin a jakar kayana.

Da aman ya lafa, yunwa ta taso. Kunun da ake kawo mini ba ya tsaya mini. Ina ganin ɗaki ba kowa, sai na ciro biskit na tauna, wai ya wanke ciki.

Komai ya dawo sabo, har ya fi na farko.

Sai fitsari ya ɗauke.

Aka sa mini robar fitsari, aka rataye leda a gefen gado. Likita ta zo da takardar gwajin ƙoda, ta tsaya ba ta zauna ba.

"Ruwan jikinku yana fita fiye da yadda muke mayarwa. Ƙodar ta gaji. In ledar nan ba ta fara cika ba, sai injin wankin ƙoda. Kuma har yanzu ban san abin da nake faɗa da shi ba."

Ni da na ɗaga ƙofar ƙarfe ni kaɗai, ga ni ina leƙen leda. Busasshiya. Na tuna wani abokin cinikina da ya shiga wankin ƙoda, na tuna yadda ateliyensa ya rufe. Ban gaya wa kowa ba, amma na fara tunanin wa zai riƙe nawa.

Maman Nana na neman carbina a jaka, gwangwani ya faɗo ya buɗe a gaban likita. Maman Nana ta kalli biskit, ta kalle ni.

"Alhaji, har nan ka kawo su?"

Likita ta ce, "Mene ne wannan?"

"Maganinsa ne," in ji Maman Nana. "Na kurjet. Shi ya gasa."

Likita ta ɓalli kaɗan ta ɗora a harshe, nan take ta tofar a auduga.

"Irin, saya kuka yi?"

"Nawa ne."

"Akwai duma kusa da garkar?"

Akwai. Dangar maƙwabcina duk duma ce.

Ta ce wani lokaci irin da aka ajiye yakan gauraya da danginsa masu ɗaci na kusa, ko shukar ta sha wuyar ƙishi, sai ɗiyan su fito da ɗaci. Ɗacin nan guba ne, kuma wuta ba ta kashe shi.

"Yaushe kuka ci na ƙarshe?"

Na juya kai bango. Maman Nana ta ce, "Da kai ake."

"Ɗazu."

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki gwangwanin ta fita da shi, aka ƙara serom, aka ce a jira.

Jiran nan ya fi aman wuya. Infirmiye, ma'aikacin jinya, ya shigo, ya ɗaga leda, ya ajiye, ya fita. Ya sake dawowa, haka. Maman Nana tana kan tabarma da carbi, idonta ba ya barin gefen gado.

Washegari da hantsi ta taɓa ƙafata.

"Alhaji, duba."

Kaɗan ne, launin shayi. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau kamarsa ba. Ban shiga inji ba.

Bayan na koma gida gashin kaina ya zube, likita ta ce shi ma aikin gubar ne, yanzu yana tsirowa. Kurjet ɗin garka na tuge ta duka na ƙone.

Godiya ga Allah, ga likitata da ma'aikatanta, ga ƙanena, ga duk wanda ya yi addu'a. Maman Nana, ba don bakinki ba, da yaranmu ma suna kan gadajen nan.

Jama'a, kurjet ko kabewa ko kokwamba, ku yanki bakinta ku lasa tun tana ɗanya. In da ɗaci, ku zubar, kada ku rufe da sukari. Ku sayi iri mai kyau. In likita ya ce me kuka ci, ku faɗi har abin da kuke kira magani.

Jiya na sake kunna tanda, da kurjet ta kasuwa. Na yanko bakinta na miƙa wa Maman Nana, na tsaya da magurji a hannu har ta gama taunawa.

Ta ce, "Gurza."