Gauraka a Kan Suri

A gidanmu da ke gabas da Ɗanbatta, shekarar da aka yi babban fari ina ɗan shekara tara, har lokacin tatsuniya sai da ya canza. A da sai an ci tuwo an yi sallar isha'i kafin kakarmu Iya ta buɗe baki. Da rumbu ya yi ƙasa sai ta dawo da ita bayan magariba, tunda babu wani tuwon da za a tsaya jira. Kwaɗon tafasa ne a akushi ɗaya, mu shida, kafin ka kai loma ta uku ka ji farcenka yana kartar gindin akushi. Daga nan sai mu nufi ɗakinta, inda take hura wutar kara saboda ƙafafunta ba sa shiri da sanyi.

Iya ba ta taɓa kiran sunana ba, don sunan mijinta na ci. Maigida take ce mini, kuma ba ta raga mini ko kaɗan.

"Kai Maigida, wane irin miji ne kai? Tun safe ban ga ko ƙwayar gero daga hannunka ba. Gobe sai gaban alƙali."

"Ai kin tsufa, Iya, na fasa."

"Ka fasa? Da wannan kan naka kamar tulu, wa zai kwashe ka in ba ni ba?"

Sai ɗaki ya kaure da dariya. Sai da na girma na gane cewa tana tsokanar ne tana duba wanda bai iya yin dariyar ba. Wannan shi za ta jawo jikinta, can ka ji yana ɓantarar ƙuli-ƙuli a ɓoye.

Tana da nata salon buɗewa. Takan ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu kuma mu ce, "Ta zo ta zauna." Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai guda ɗaya da ta riƙa maimaitawa a shekarar nan har muka gaji da ita, ita ce ta gauraka.

Wai a wani daji, kowace bishiya tana da uwa, tsuntsuwar da ke kula da duk masu kwana a kanta. Tsamiya uwarta hasbiya, gawo uwarsa marai, marke kuma uwarsa kurciya. Da uwayen suka ga suna yawan saɓani, sai suka ce bari su naɗa wadda za ta shugabance su. Suka zaɓi gauraka, saboda tsayinta da tukkun nan na kanta mai kama da rawani. To gauraka doguwa ce, ba ta iya kutsawa cikin rassa. Sai ta samo dabara: kullum da asuba ta hau kan suri ta karkata kai. Bishiyar da ta ji tana tashi da hayaniya, ta ce wannan uwa ta iya riƙo. Wadda ta ji shiru, ta ce akwai sakaci.

Ana nan sai fari ya zo, ciyawa ba ta yi ƙwaya ba. Gauraka ta hau suri. Tsamiya ta ɗauki ƙara, gawo kamar zai tsage, marke kuwa tsit. Kwana uku haka. Ta aika aka tara uwaye, ta dubi kurciya ta ce, "Ina 'ya'yan da aka ba ki?" Kurciya ta ce sun ɗan fita. Gauraka ta ce, "Kin watsar da gida," ta tuɓe ta, ta ɗora wata. Sabuwar uwa ta aika aka kirawo kowa ya dawo marke. Washegari marke ya fi kowace bishiya ƙara, gauraka ta yi ta rausaya a kan suri.

A nan Iya takan rage murya. "Ashe kurciya ta tura su wata fadama ce mai nisa, inda ƙwaya ta ɗan rage. Shirun nan, baki ne cike da abinci. Ƙarar nan kuwa ta tsamiya da gawo, 'ya'ya ne ke kukan yunwa. Daga kan suri, kukan yunwa da waƙar ƙoshi duk ɗaya ne."

Sauran tatsuniyoyi takan rufe su da kan ɓera, mu yi shewa. Wannan kuwa sai kawai ta tura kara cikin wuta. Wata rana na ce, "Iya, to kurciya fa, an mayar da ita?"

"Ni ina na sani? Ka je ka tambayi gauraka."

Haushin gauraka nake ji sosai. Har na taɓa jifan wata a fadamarmu da hoge, don huce wa kurciya.

Shekaru suka tura. Iya ta rasu, na yi karatu a birni, na dawo gida, Shehinmu ya ba ni izinin zama muƙaddami, wato in riƙa ba mutane wuridin ɗariƙa ina kula da yadda suke riƙe shi. Mutanen da muke kula da su ba malamai ba ne. Manoma ne da mahauta da masu saƙar tabarma, kowa da iyalinsa, sun ɗauki alkawarin wuridi safe da yamma, ranar Juma'a kuma bayan la'asar a haɗu a zawiya a yi zikiri tare. Da furfura ta fito mini, muƙaddaman garuruwa bakwai na yankinmu suka ce ni zan shugabance su, Shehu ya sa albarka. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na sayi sabon rawani.

Aikin ba shi da wani ofis. Babur ne da ni, duk Juma'a in zaɓi gari ɗaya in je in zauna zikiri da su, in gaisa da muƙaddaminsu, in dawo kafin duhu. Tun daga bakin gari nakan kashe babur in saurara. In na ji amon zikiri yana tashi har gonaki, raina ya yi fari. A lokacin ana ta yi mana gori cewa ɗariƙa ta zama ta tsofaffi, ta kusa bin su kabari. Wannan magana tana cina, don haka cikar zawiya ta zame mini abin ado.

Sai wuya ta sake zagayowa. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke lokacin da gero yake bununi, taki ya gagari talaka, hatsi ya yi tsadar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. A ranin da ya biyo baya na je Kukar Sambo na tarar da zawiya maƙil har waje, murya kamar za ta ɗaga rufi. Juma'ar da ta biyo na je Gidan Marke, inda Malam Sale yake muƙaddami. Na kashe babur, ban ji komai ba sai kukan akuya. Na shiga na tarar da shi da tsofaffi biyar, ɗaya ma gyangyaɗi yake yi.

Malam Sale ya girme ni da kusan shekara goma. Mutum ne marar yawan magana, ɗan siriri, in yana gaishe ka idonsa a ƙasa. Da na tambaye shi a gefe, a hankali, da wataƙila ya gaya mini. Amma sai na haɗiye, na bari sai ranar taron muƙaddamai a zaurena, kowa yana zaune, na ce, "Malam Sale, ina mutanen da aka ba ka amana?"

"Suna nan, Malam. Sun ɗan fita nema."

"Nema har ranar Juma'a? Su mutanen Kukar Sambo ba su da ciki ne?"

Ya yi shiru. A tarbiyyarmu ƙarami a muƙami ba ya jayayya da na gaba da shi, kuma dattijo irinsa ba zai tsaya a gaban baƙi ya ce mutanen garinsa ba su da abin da za su ci ba. Na san wannan sarai, ni nake koyar da shi. Amma ran nan sai na ɗauki shirunsa a matsayin rashin hujja. Na ce ya ɗan huta, wani ƙaninsa ya riƙe zawiyar, kuma a sanar da kowa cewa duk mai wuridi a gan shi ranar Juma'a. Malam Sale ya ce, "Na ji, na bi." Ya sa takalmansa ya tafi a ƙasa, ya ƙi yarda a kai shi a babur.

Bayan sati uku na koma Gidan Marke. Tun daga rafi nake jin zikiri. Zawiya ta cika, matasa sun dawo, Malam Sale yana can sahun baya yana amsawa tare da kowa. Na dawo gida ina gaya wa maiɗakina cewa wani lokaci sai an ɗan tsananta ake gyara.

Ruwan shuka ya sauka, na shiga hidimar gonata, ban sake leƙa su ba sai da gero ya kai ƙwauri. Gonakin yankinmu a manne suke da juna, ba ka ganin ƙasar banza, saboda haka ido ba ya kuskure gonar da ba a taɓa ba. Ina shiga ƙasar Gidan Marke na fara ganinsu, wannan kore, ta kusa da ita ciyawa, ta gaba ma ciyawa. Ko ramin sungumi babu.

Na sami Malam Sale a ƙofar gidansa yana tufka igiya. Ya tashi zai shimfiɗa mini buzu, na ce ya bari, na zauna a ƙasa.

"Baba Sale, me ya sami gonakin nan?"

Yana murza igiyar a cinyarsa ya ce, "Iri ne babu, Malam."

Da ƙyar na riƙa jawo maganar daga bakinsa. Tun farkon rani ya zagaya gida gida ya ga abin da ya rage a rumbuna, ya san ba zai kai su damina ba. Shi ne ya tara magidanta ya ce su tafi kasuwar hatsi ta Dawanau dako, su riƙa aiko da abin da suka samu, kada kowa ya taɓa damin iri. Ya ce musu zikirin Juma'a su yi shi a can inda suke, ko su uku ne, Allah yana ji. Dako kuwa ba ya jiran mutum. In mota ta zo ba ka nan, wani za a ba, in ka yi fashi biyu uban ɗakinka ya manta da fuskarka. Da saƙona ya isa gare su, ba wanda ya yi musu. Suka riƙa tahowa ran Alhamis suna komawa Asabar, har aka maye gurabensu, suka dawo gida gaba ɗaya. Yara suna kuka, aka sauke damin iri aka sussuka.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Kai ne babba, Malam. Na ce ko ka hango abin da ban hango ba."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce masa daga yau ya koma kan zawiyarsa, zan tara muƙaddamai in faɗa a gabansu cewa ni na yi kuskure, zan kuma nemo iri ko daga ina ne.

Ya ce, "Allah ya saka da alheri. In an samu wake a kawo, shi zai iya yi. Gero kam shukarsa ta wuce."

Daga baya na bincika Kukar Sambo. Matar muƙaddaminsu ce take dama kunu duk Juma'a bayan zikiri, magidanta suna zuwa da 'yan goruna a ƙarƙashin riga, su kurɓi kaɗan su juye saura su kai wa yara. Sau nawa na zauna a cikinsu ina lumshe ido, ban taɓa duban hannun kowa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, ban manta da tatsuniyar Iya ba. Na sha ba 'ya'yana ita, har ina kwaikwayon rausayar gauraka suna dariya. Sai dai tun ina ɗan shekara tara a wurin kurciya nake zama in ana ba da ita, kuma ina jin duk yaron da ke ɗakin nan haka yake. Ban taɓa kawo wa raina cewa mutum yana iya kwana kurciya ya wayi gari a kan suri ba, yana kuma ganin aikin Allah yake yi.

Mun kai waken, an shuka, ya ɗan yi. Na tara muƙaddamai na faɗi abin da na ce zan faɗa, suka ce ai kuskure na kowa ne, Malam Sale ma ya ce ya yafe tun ran da abin ya faru. Na so in sauka daga shugabancin, Shehu ya ce in zauna, wanda ya ƙone shi ya san wuta. Amma kafin kaka ta zo, magidanta huɗu na Gidan Marke sun kwashe iyalansu sun koma gefen Ungogo, kuma har yau ba su dawo ba. Duk sanda na bi ta ƙofar gidajensu nakan ga katanga tana zubewa. Mutanen nan ba su saɓa wa kowa ba. Maganata suka ji, suka bi.