Bikon Ɗin Hamma Buba Da Gonar Gyaɗar Dada

Shekara bakwai ke nan da ruwa ya ci yayana, Hamma Buba. Duk lokacin da aka fara cirar gyaɗa a Digil sai jikina ya gaya min, tun kafin wani ya tuna min. Ni ba marubuci ba ne, a aji biyu na sakandare na tsaya, don haka wanda ya ga Hausata ta karkace ya yi haƙuri, ta Mubi ce.

Mutane suna dariya in na ce ɗan Mubi ya zama kyaftin na jirgin ruwa. Mu da ruwanmu bai wuce mayo ba, wato rafi, shi ma rabin shekara yashi ne. Amma haka abin ya faru. Motar shanu ya bi zuwa Fatakwal yana saurayi, motar ta dawo, shi bai dawo ba. Ya yi wankin jirgi, ya yi ɗakin inji, har aka ba shi wani ƙaramin jirgi mai kai wa ma'aikatan mai abinci da kayan aiki a cikin teku. Ni kuwa a lokacin na yi gyaran waya na bari, na yi yaron mota na bari, na koma lodi a kasuwa. Sarkin yawo Hamma yake kirana.

Da ya zo sallah, ba hoton jirgin ya fara nuna min ba. Hoton wani abu ya nuna min, rawaya, kamar filas na shayi, da eriya a kansa. Ya ce sunansa bikon. A waje yake zama, jikin ɗakin tuƙi, cikin wani farin akwati. Idan jirgi ya nutse, nauyin ruwa da kansa yake ɓalle akwatin, bikon ya taso sama ya fara kiran tauraron ɗan'adam, tauraron ya gaya wa ofishin ceto cewa jirgi kaza yana cikin masifa.

Na ce, "Hamma, abu mai tsada haka a waje? Ɓarayi fa? Ka kulle shi a ɗaki mana."

Ya ce, "In na kulle shi a ɗaki jirgi ya nutse, da shi da mu duka muna ɗaki. Wa zai kira wa?"

Yadda yake kula da abin nan, ko matarsa ce sai haka, shi da bai yi aure ba. Duk farkon wata zai danna wurin gwaji ya ga fitilar ta ƙifta. Zai duba ranar da batir zai mutu, tana rubuce a jiki, da ranar da za a canza abin da ke ɓalle akwatin. Zai wanke gishirin da ya daskare. Ya ce wata rana masu fenti sun shafe akwatin gaba ɗaya har ya manne, ya zauna da cokali yana kankarewa, abokan aikinsa suna ce masa ya samu sabuwar amarya. Sau ɗaya abin ya taɓa tashi ba dalili, garin wankin jirgi da tiyo. Nan take ya buga wa ofishin ceto ya ba su haƙuri.

Sai ya gaya min abin da ya kawo maganar. Kowane bikon yana da lambarsa, kuma a rajistar lambar akwai sunan jirgi da wayar mutanen da za a kira in ya tashi. Na farko mai jirgin. Na biyu ni.

"Ni? Me na sani a ruwa?"

"Ba ruwa za ka sani ba. Duk tafiya zan kira ka in ce mun tashi, ga inda muka nufa, ga mu nawa. Kai dai ka riƙe. Kuma layin nan, ko za ka canza sana'a sau ɗari, kada ka canza shi."

Irin nasu tsohon yayi ne. Da ya tashi, nan take ofishin zai san jirgin waye, amma inda yake a cikin teku sai wani tauraron ya zo wucewa ta kansu, kuma hakan yana iya ɗaukar lokaci. A wannan tsakanin, abin da mutumin waya ya faɗa shi ne kawai hanya. Yanzu an ce sababbin suna faɗin wurin tare da kiran, kamar yadda waya take nuna maka inda kake. Ina tunanin da Hamma ya gani zai yi murna, amma na san sai ya ce, to, an duba batirin? Zai ga yara a bakin kasuwa suna tura wa juna inda suke tsaye, ya tambaye su ko uwarsu ta san inda suka nufa.

Ana gobe abin zai faru, na bi motar kaya zuwa Sorau. Can netwok sai a hankali, don haka na bar wayar wurin Dada, mahaifiyarmu, kamar yadda muka saba. Na kwana can. Da na dawo da safe ta riga ta tafi gona, wayar tana kan tabarmata. Na sa a aljihu na wuce kasuwa.

Ina ɗauke da buhun masara a baya ta yi ƙara. Lambar ban sani ba. Wata mace ce, Turanci take zubawa da sauri. Na ce ta sauko da buroka, Turancin kasuwa. Ta faɗi sunan jirgin Hamma, ta ce bikon ɗinsa ya tashi, mai jirgin ba ya ɗaukar waya. Ta ce a wurinsu an rubuta cewa ya taɓa tashi da kuskure. Shin jirgin yana bakin gaɓa ko yana teku? Ina ya nufa? Mutum nawa?

Buhun ya zame daga bayana, ban ma ji ba. Na duba wayar, ga kiran Hamma na jiya, an ɗauka. Wato ya kira, Dada ce ta ji. Na ce wa matar suna teku, wannan na tabbata, sauran kuma yana bakin uwarmu, uwarmu tana gona, ba ta da waya. Ta ce, "Oga, akwai jirgin da zai iya tashi yanzu, amma ban san gabas zan ce masa ko yamma ba. Ka gudu."

Na fizge mashin ɗin wani abokina, Ɗanjuma, yana ihu yana cewa babu mai a ciki. Har yau ban san yadda na fita daga cunkoson kasuwa ba. Na tuna dai wani mai kura ya zage ni, ban juya ba. Hanyar gonar bayan Digil take, kuma damina ba ta gama tafiya ba, mayo yana da ruwa har gwiwa. Mashin ya mutu a tsakiya. Na jingine shi a bakin yashi na ci gaba da ƙafa. Ina gudu ina jin ruwan nan mai sanyi a wandona, sai na tuna cewa yayana yana cikin irinsa wanda ba shi da ƙasa.

Dada tana duƙe tana kakkaɓe ƙasa daga gindin gyaɗa, ita da wasu mata biyu maƙwabta. Ta ɗago ta gan ni jiƙe, ba takalmi ɗaya. Ta ajiye gyaɗar.

Na ce, "Dada, jiya da Hamma ya kira, ina ya ce za su?"

"Me ya faru?"

"Ba komai. Ofishinsu ne suke tambaya."

"Ofishi ne ya cire maka takalmi?"

Wayar ta sake ƙara, na ɗauka, muryar tana yankewa. Duk gonar nan wuri ɗaya ne ke da netwok, kan wani suri a gefen kunya. Na haye, na kama hannun Dada na jawo ta kusa. Matar ta ce tana jira.

Dada ta ce bai faɗi sunan wuri ba, ko ya faɗa ita ba ta riƙe ba. Sai ta ce amma ya yi mata wasa, ya ce wannan karon in ya miƙa hannu zai taɓa ƙasar Kawu Sali. Kawu Sali ƙanenta ne, a Kamaru yake zaune. Na yi ihu cikin wayar, gabas, gabas, wajen iyakar Kamaru! Na ji matar tana maimaita wa wani a gefenta. Ta ce wannan ba hanyar da jirgin ya saba ba ce, na tabbata? Na ce na tabbata.

"Mutum nawa?"

Na juya. "Dada, su nawa ya ce?"

Ta kalle ni kamar na zage ta. Dada 'yar makiyaya ce, a Sorau ta tashi. A gidansu ba a ƙirga shanu da baki, balle mutane. In ka ƙirga, a wurinsu, ka nuna wa mutuwa adadin da za ta rage. Ko mu 'ya'yanta, in aka tambaye ta nawa ne, sai ta ce Allah ya ba da.

"Ni ba na ƙirga 'ya'yan mutane," in ji ta.

"Dada, don Allah. Suna cikin ruwa."

Ya fita daga bakina ke nan. Matan nan biyu suka saki salati. Ita ba ta motsa ba. Ta riƙe gefen zaninta, ta kalli can wajen duwatsu, sai ta fara magana a hankali, kamar mai gaisuwa gida-gida. Ashe duk lokacin da Hamma ya kira yana ba ta abokan aikinsa su gaisa, ta san su duka, wasu da sunan da ita ta raɗa musu.

"Akwai Sande mai inji. Akwai Dogo. Akwai mai girkin nan da yake tari. Akwai uban tagwaye. Akwai Musa na Gombi, ya ce sabo ne, jiya ma ya gaishe ni."

Tana faɗa ina lanƙwasa yatsu a bayana inda ba za ta gani ba. Ta tsaya a nan. Matar a waya ta ce, biyar ke nan?

Dada ta ce, "Da shi."

Hamma ɗan fari ne. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta kira sunansa ba. Wancan, ko shi, ko yayanku. Na ce wa matar shida. Ta ce jirgin ceto ya juya gabas, kada in kashe waya.

A kan surin nan na wuni. In na sauka netwok zai tafi, don haka ban sauka ba, ko sallar azahar a gindinsa na yi, wayar tana sama inda nake ganinta. Dada ta koma ta ci gaba da cirar gyaɗa. Maƙwabtan suka ce ta zauna, ta ce rana tana tafiya. Amma na lura layi ɗaya take bi tana dawowa, wanda ya fi kusa da ni, har babu abin da ya rage a cikinsa tana tonawa. Batirin wayata yana raguwa. Matar ta kira sau ɗaya ta ce tauraron ya ba su wurin, kuma ya faɗa a kan hanyar da jirginsu ya riga ya kama. Ban san ko in yi murna ba.

Bayan la'asar wata lamba ta shigo. Sande ne. Ya ce hadari ya same su da hantsi, kaya suka zame gefe ɗaya, jirgin ya kife kafin wani ya yi komai. Bikon ya ɓalle da kansa ya taso, kamar yadda aka yi shi ya yi. Suka hau kwale-kwalen roba su duka. Amma iska tana jan kwale-kwalen wani gefe, bikon yana tafiya wani gefe. Hamma ya ce in suka rabu da shi, masu ceto za su zo su tarar da filas shi kaɗai. Ya faɗa ruwa ya kamo shi, ya miƙa wa Dogo igiyar bikon ya ɗaure. Kafin a jawo Hamma, igiyar ruwa ta shiga tsakani. Sande ya ce ana kan nemansa, kuma haka aka yi ta nema har duhu ya kusa, aka sake nema washegari. Ba a same shi ba.

Na sauko daga surin. Dada ta miƙe tsaye.

"Mai inji?"

"Shi ne ya kira."

"Dogo?"

"Ya fita."

"Mai tari fa? Ba shi da ƙarfi."

"Ya fita, Dada."

Ta tambayi uban tagwaye, ta tambayi Musa. Daga nan ba ta sake tambaya ba. Ta ɗaure gyaɗarta, ɗaya daga cikin matan ta taya ta ɗauka, muka kama hanya.

Hamma bai bar gida ba, bai bar ɗa ba, ko kabarin da za mu ziyarta babu. Sallar da aka yi masa ba gawa a gaba. Wani lokaci ina jin haushinsa, ina cewa da ya zauna a cikin robar nan ai wataƙila da an gan su haka. Sande ya ce a'a, a irin ruwan saman ranar ko jirgi ya wuce kusa da kai ba zai gan ka ba, siginar bikon suka bi har suka ci karo da su. Ni ban je wurin ba, ba zan yi gardama ba. Abin da na sani, mutum biyar suna cin abinci a gidajensu yau. Dogo ya zama kyaftin, an ce ba ya yarda a kunce igiya sai ya danna gwajin bikon da hannunsa in watan ya kama, har yaransa suna gunaguni. Ni kuma har yanzu ban zauna wuri ɗaya ba, yau ina Yola gobe ina bakin iyaka, amma layin yana nan.

Da na gaya wa Dada zan rubuta wannan a jarida, ta ci gaba da aikinta. Tana ɓare gyaɗa a faranti. Na ɗauka ba ta so, har na tashi zan fita. Sai ta ce mutanen da ba su san shi ba za su karanta? Na ce eh.

Ta ce, "To kada ka sa musu Buba kawai. Abubakar aka raɗa masa."