Zaren Hula a Shagon Malam Labbo

Da an idar da sallar asuba, Malam Labbo yakan buɗe shagonsa na bayan tashar Isa, ya tsaya gaban wani allon katako da ya zana siffar kowane ƙarfen aiki a jikinsa. Kowace sifana da gurbinta. Idan gurbi ɗaya ya zauna fayau da yamma, ba ya rufe shago sai an gano ta. Al'ada ce da ya taho da ita daga sojan sama, inda ya shekara talatin yana gyaran jirage. Ya ce sifana ɗaya da aka manta cikin inji ta isa ta kashe matuƙi.

Tashi da jirgi ya je nema tun yana saurayi, ciwon kunne ya hana shi. Bai yi fushi ya dawo ba, ya zauna ƙarƙashin fiffike. Da ya yi ritaya, injinan ban-ruwa na manoman fadama ya koma gyarawa. Mutanen Kamarawa shaida ne: a shekarun nan da hanya ta zama abin tsoro, shi kaɗai ke hawa babur ya bi injin da ya mutu har gona. Yanzu hannunsa ya fara rawa, ƙarshen watan nan zai rufe shago. Shi ya sa na ce sai na yi magana.

Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka ɗauke babban ɗana, Jabir, a gonarmu ta Tozai. Ba mu sake ganinsa ba. Ƙanensa Hamza ya daina dariya, ya ce soja zai shiga, ya tuƙa jirgi, amma fom ɗin sojan ƙasa ya ciko don shi ya fara fitowa. Na sami Malam Labbo a ɓoye.

"Yaya Labbo, kai yake jin maganarka. Ka ce mishi idonai bai da kyau, ba su ɗaukar shi."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. "Usaini, ban taɓa sa hannu kan jirgi mai ciwo in ce lahiya lau yake ba. Mai lahiya kuma ba ni ce mishi yana da ciwo. Za ni duba shi. Abin da na gani shi za ni hwaɗi."

Ya aika gidan Laraba mai ɗinkin hula aka kawo zare, ja da kore da ruwan ƙasa, ya cakuɗa su a faifai. Ya ce a sojan sama ya ga samari da yawa an koro su saboda ba sa bambance launi. Hamza ya tsince su tsaf, ko ɗaya bai kuskure ba. Ni kuwa addu'a nake ya kuskure.

"Idonka garau," in ji Malam Labbo. "To mi kake so, yaro, tashi ko ramuwa? In ramuwa ce, tashi ka ba ni wuri. Daga sama, manomi da ɓarawo duk ɗigo ne, mai hushi bai iya rarrabe su."

Hamza ya sunkuyar da kai.

"In tashi ne, yaga hom ɗin ga ka jira na sojan sama. Sojan ƙasa da na ruwa jirgi ƙari ne a wurinsu, waɗanga kuwa shi ne sana'arsu. Kuma ka karanci injiniya. Ido na tsuhwa, kunne na ci amana, ka dube ni. Ranar da sama ta sallame ka, hannunka zai ci da kai."

Wata bakwai Hamza ya jira, yana haɗa lissafi a bencin shagon. Yanzu yana shekara ta biyu a makarantar hafsoshi.

Malam Labbo, kai ne ka ƙi yi mini ƙaryar da na roƙa. Har yau in jirgi ya wuce bisa Isa, gabana sai ya faɗi, ban kuwa ɓoye maka na yi fushi da kai ba. Amma yaron da ya bar gidana ba da wuta a ƙirji ya tafi ba. Makon jiya ya kira, ya ce in gaya maka bai taɓa barin gurbi fayau ba.

Na gode, Allah ya saka. Dattawan Gobir masu sana'a a hannu, samarinmu cike suke da fushi. Ku zaunar da su a bencinku, ku gaya musu gaskiya, ko da ubansu ne ya roƙe ku akasinta.