Lambar da Ko-ta-kwana Bai Gyara Ba

A ma'aikatar nan ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Ko-ta-kwana ake ce masa, daga masinja har Darakta, kuma yana amsawa da fara'a, don shi a wurinsa kirari ne. Shekara goma sha tara yana aiki ɗaya, ya zauna ya yi ta tunanin masifar da ba ta zo ba tukuna. In gobara ta tashi ta ina za a fita. In ruwa ya ci ofisoshin ƙasa ina za a koma a ci gaba da aiki. In wuta ta ɗauke kwana uku makullin janareto na hannun wa.

Ofishinsa wani lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, duk mai hawa sama sai ya taka masa kai. Tebur ɗaya, fanka mai kuka kamar an shaƙe ta, tukwanen kashe gobara shida a jere, da kabad cike da fayilolin da shi kaɗai ya taɓa buɗewa.

A gida ma bai bar mutane sun huta ba. Akwai bokitin yashi a bakin kicin, wanda kyanwar maƙwabta ta mayar bayan gida. Ya taɓa busa usur ran wata Lahadi ya koro matarsa da 'ya'yansu huɗu waje, yana tsaye yana duba agogo. Matar ta fito da kumfar sabulu har gwiwar hannu, ta ce, "Baban yara, ka ƙara yi min wannan, gobarar da kake jira ni zan zame maka ita."

Abin haushi da irin aikinsa shi ne, in ka yi shi da kyau ba abin da zai faru. Kuma tun da aka kafa gwamnati ba a taɓa tafa wa mutum don abin da bai faru ba.

Da haka dai yake lallaɓawa, har Mai Kwat ya zo.

Mai Kwat ƙanin matarsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ko-ta-kwana ne ya ɗauki takardunsa da hannunsa ya kai ma'aikatar aka ɗauke shi aiki, shi ya nuna masa inda ake sa hannu da safe, shi ya koya masa yadda ake zare fil ɗin tukunyar gobara ba tare da ya fesa wa kansa a fuska ba. Shekararsa shida kacal a aikin. Amma mutumin nan jininsa fari ne. Ko gaisuwa ya yi sai ka ji kamar kyauta ya ba ka. Kullum cikin kwat, ko rana na narka kwalta.

Da aka samu gurbin kwas na sati biyu a ƙasar waje kan shirin ko-ta-kwana, kowa ya san na waye. Sai Darakta ya leƙo lungun, ko shigowa bai yi ba, ya ce, "Malam, kai ba za mu iya sakinka ba. In wani abu ya faru kana can fa? Bari ƙaninka ya je."

Ba abin da ya faru. Mai Kwat ya je ya dawo da sabon turare da majigi. Ya ɗauki tsarin da Ko-ta-kwana ya yi shekaru yana rubutawa, ya sa masa launi, ja da kore da kibiyoyi, ya nuna wa manya a ɗakin taro. Aka yi ta tafi. Babban Sakatare ya ce bai taɓa sanin ma'aikatar na da tsari mai kyau haka ba. Shi kuwa mai tsarin yana durƙushe a kusurwa, ya danne filogin majigin da hannu don soket ɗin ya saki. Minti arba'in yana danne da shi.

A gida matarsa ta ce, "Ka ji yadda auta ya burge su?"

"Na ji. Ai ina wurin."

"To me ya sa ka haɗa rai kamar an ci maka gado?"

"Fanka ce ta busa min ido."

Sai ga magana ta fito: za a mayar da lungun nan sashe guda, da shugabansa, da ofis a bene na biyu mai taga har biyu. Sunaye biyu aka kai sama, nasa da na Mai Kwat. Babban Sakatare ya ce ba zai zaɓa ba sai ya ga babban atisaye da idonsa, ran Asabar da safe, a tsohon siton da aka tanada a matsayin ofishin gudun hijira in babban gini ya samu matsala.

Yadda ake tara mutane kuwa, Ko-ta-kwana ne ya ƙirƙiro shi, yana ce masa bishiyar kira. Darakta ya kira mutum uku. Kowanne cikin ukun ya kira nasa uku. Su ma haka. Mutum arba'in cif, cikin minti casa'in kowa ya iso sito. Shi da Mai Kwat suna cikin ukun farko, kowannensu da mutum goma sha biyu a ƙarƙashinsa. Akwai kuma doka a ƙasan takardar: in ka kira mutum sau biyu bai ɗauka ba, tsallake shi ka kira mutanensa uku da kanka. Can ƙasa kuma wurin sa hannu, inda Ko-ta-kwana ke shaida cewa ya kira kowace lamba ya tabbatar tana aiki.

Ran Alhamis yana zaune da takardar, ya bi lambobi talatin da takwas, kowa ya ɗauka. Ya zo kan ta Mai Kwat ya tsaya. Tsohuwa ce. Wata biyu ke nan da yaron ya canza layi, kuma shi ne mutum na farko da ya turo wa saƙo: "Yaya, ga sabuwar lambata, a adana min." Tana nan cikin wayarsa. Gyaran bai fi ƙiftawar ido ba.

Ya ɗauki biro ya ajiye. Wani ya hau bene da takalmi mai ƙarfi, ƙura ta zubo masa kan takarda.

Me zai faru ma? Darakta zai kira, ya ji layi a kashe, ya tsallake, ya kira mutanen uku. Kowa zai zo. Mutum ɗaya ne kawai zai sha barcinsa har rana ta take, ya farka ya tarar an gama. Ba wanda zai mutu. Kujera ɗaya ce za ta zauna ba kowa, Babban Sakatare ya ga ta waye. Sau ɗaya dai, sau ɗaya tak, a ga wanda ke zuwa da wanda ke sa turare.

Ya hure ƙurar ya sa hannu.

Asabar ƙarfe bakwai wayarsa ta yi ƙara. Darakta, da murya kamar mai karanta sanarwa: "Atisaye ne. Kira mutanenka uku, ka taho." Kafin takwas saura kwata reshen Ko-ta-kwana ya cika sito, har da mai shara da ta zo da goyo. Ya jera kujeru arba'in, ya tsaya bakin ƙofa da rigarsa mai ƙyalli da agogo a hannu, ƙirji a buɗe.

Takwas ta yi. Takwas da rabi. Babban Sakatare ya iso, ya ƙi zama, ya shiga ƙirga kujeru da yatsa. Ba ɗaya ba ce babu kowa. Goma sha uku ne. Cikin waɗanda ba su zo ba har da mai makullin janareto, don haka siton duhu, ana ta fifita da fayil.

"Darakta, ina sauran mutanenka?"

"Ranka ya daɗe, na kira duka ukun. Shi ma Mai Kwat ya ɗauka. Na ce atisaye ne, ya ce to, to, na ji."

Ko-ta-kwana ya waiwayo da sauri. Ya ɗauka? Wa ya ɗauka?

Lambar gaskiya tana aljihunsa, amma in ya fito da ita a nan ya tona kansa. Ya zame ya zaga bayan sito, inda aka jibge karyayyun kujeru, ya kira matarsa.

"Maman yara, kira min ƙaninki yanzun nan, ki ce ya taho sito, atisaye ne."

"Kai ba ka da lambarsa ne? Ba shekaranjiya ka kira shi kan maganar makarantar yara ba?"

"Ki dai kira. Tsohon layinsa aka buga, wai an ɗauka."

"Tsohon layi? Ai Kawu ya ba wa, da wayar gaba ɗaya."

"Wane Kawun?"

"Kawu nawa gare mu? Mai nauyin kunnen. Shi da ko ce masa ka yi gidansa ya rushe, to, to, na ji zai ce maka." Sai muryarta ta canza. "Baban yara. Wa ya ba su tsohon layi?"

Ya kashe wayar.

Ƙarfe tara da minti goma Mai Kwat ya diro daga bayan babur. Ba kwat. Wandon barci da silifa, gashi ba taza. A hanya ya kira mutanensa, suna ta shigowa bayansa ɗaya-ɗaya suna haki. Janareto ya tashi, fitilu suka kawo, kuma hasken bai yi wa Ko-ta-kwana daɗi ba ko kaɗan, don Babban Sakatare na riƙe da takardar, babban yatsansa daidai kan sa hannun.

"Malam, nan ka rubuta ka kira kowace lamba."

Shekara goma sha tara Ko-ta-kwana bai taɓa sa hannu kan ƙarya ba sai wannan karon. Ya buɗe baki, shi kansa bai san me zai fito ba.

"Ranka ya daɗe, laifina ne." Mai Kwat ne ya matso gaba. "Ranar da Yaya ya kira don tabbatarwa layin na hannuna. Bayan nan na ba wa kawunmu, ban sanar da kowa ba. Shi ya yi aikinsa. Ni na ɓata."

Ko kallon inda yayan nasa yake bai yi ba.

"Kuma in an ba ni dama," ya ci gaba, "yau mun gano rami. Dokarmu ta ce a tsallake wanda bai ɗauka ba, ba ta ce komai kan wanda ya ɗauka alhali ba shi ba ne. Daga yau duk wanda aka kira ya faɗi sunansa da sunan mutanensa uku kafin a kashe waya."

Babban Sakatare ya gyaɗa kai a hankali, ya juya ga Darakta. "Ka ji? Mutum ya zo da silifa, ya ɗauki laifinsa a gaban jama'a, ya kawo gyara a tsaye. Irin wannan nake nema."

Aka tafa. Ko-ta-kwana ma ya tafa, don duk ido na wurin. Abin da ya fi ƙona masa rai ba ƙaryar da yaron ya yi don rufa masa asiri ba ce. Gyaran ne. Gyaran daidai ne. Shekara goma sha tara yana kallon bishiyar nan bai hango ramin ba, wannan ya hango shi a bayan babur ko fuska bai wanke ba. Har kirkin ma sai da ya fi shi.

Ran Laraba takarda ta fito. Mai Kwat shugaban sashe, Ko-ta-kwana mataimaki. Da yamma sabon shugaban ya sauko lungun da kansa, ya sunkuya don kada matakala ta buge masa kai.

"Yaya, akwai wurin tebur biyu a sama. Ka dawo can."

"Nan ya ishe ni, ranka ya daɗe."

"Haba Yaya, wane irin ranka ya daɗe kuma?"

"Ofis ne. Kowa da matsayinsa."

Mai Kwat ya ɗan tsaya, ya shafa tukunyar gobara ɗaya kamar mai shafa kan yaro. Bai tayar da maganar lambar ba, kuma Ko-ta-kwana ya gane ba zai taɓa tayarwa ba, haka zai bar shi da ita har ritaya. Da ma zagi ya yi, da an wuce wurin.

"To ka cike min fom ɗin riƙon ƙwarya kafin a tashi," in ji Mai Kwat. "Kowane shugaba sai an rubuta wanda zai hau kujerarsa in ba ya nan. Kai ka tsara fom ɗin ai."

Ya cike. A layin sama sunan ƙanin matarsa. A layin ƙasa, inda aka ce wanda zai riƙe in shugaba ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo, ya rubuta nasa, harafi-harafi, ya daɗe yana kallo.

Da ya koma gida matarsa ta ajiye masa abinci ba ta ce uffan ba, kwana huɗu ke nan haka take yi masa. Ya kai loma biyu, ya gyara murya.

"Maman yara, auta lafiya dai ko? Ɗazu na ji kamar yana ɗan tari."

Ta ɗago ta dube shi tun daga hula har ƙafa.

"Lafiyarsa ƙalau," ta ce. "Ci abincinka."