Gangar Jikin da Aka Bari a Gona

Kaka ba ta taɓa son Kano ba. Ciwon ƙafa ne ya sa Babanmu ya ɗauko ta daga ƙauyenmu na kudancin Kaduna, ya kawo ta gidanmu na haya a Gyaɗi-Gyaɗi. Da an ci tuwo sai ta jawo murhun gawayi tana gasa masara, mu kewaye ta, ni da yayata Rifkatu da yaran maƙwabta.

Ni dai Allah ya yi ni da kai, har yau hula sai an ɗinka mini tawa. Wannan kan ne ya ja mini ranar da ta ba mu labarin mutumin yumɓu.

"Ga ta nan ga ta nanku, ku matso," in ji ta. Wai wani manomi yana huɗa sai garmarsa ta daki mutum-mutumin yumɓu na mutanen da, idanunsa a huje. Wani baƙo ya ce kan kaɗai yake so. Manomin ya ɓalle masa, ya mayar da gangar jikin rami. Aka kai kan birni aka sa a gilashi, ana goge masa ƙura, jama'a na zuwa kallo. Gangar jikin kuwa ta fito ta kama hanya. Ba ta gani, sai lalube. Gida-gida take bi, ta shafa kan mai barci da hannunta mai sanyi, ta ji ko zai dace da wuyanta.

"Kaka, wane irin kai take nema?" Rifkatu ta tambaya tana kallona, muguwa.

"Babba," in ji Kaka, ta juya masararta.

Tun daga ranar, da zanen Mama nake naɗe kaina in kwanta, zufa na zuba. Ko akuya ta gogi ƙofa sai in ce gangar jikin ce ta iso. Ana haka makarantarmu ta Tarauni ta ce za a kai mu gidan adana kayan tarihi, inda na tabbata kan yake. Na je wa Kaka ina kuka.

"In ka gan shi kada ka gudu, Bulus," ta ce. "Ka gaishe shi da yarenmu, ka gaya masa hanyar gida. Ba mugu ba ne, raba shi aka yi da ƙasarsa."

Na kuwa gan shi, ramukan idanunsa a kaina. Na matsa jikin gilashin na raɗa masa: Zariya, Kaduna, sai ka yi kudu. 'Yan ajinmu suka yi ta dariya.

Na zama saurayi Kaka ta rasu. Manya suka ce a binne ta nan Kano, hanya da nisa. Sai tsoron nan na yarinta ya dawo mini, amma wannan karon na gane shi: ita ma raba ta aka yi da ƙasarta. Mun ciyar da ita, mun yi mata wanki, 'yan coci suna zuwa duba ta kowace Lahadi, amma ba wanda ya taɓa tambayar ta ko tana son komawa. Na tubure sai an kai ta ƙauyenmu, har suka haƙura. A bayan mota na zauna kusa da akwatinta, ina gaya mata sunan duk garin da muka wuce.

Shi kuwa kan yana nan cikin gilashinsa. Bara na kai 'yata gidan tarihin, ta ce in zo in ga wani mai irin kaina. Na kasa haɗa ido da shi.