Ƙyallen da ake biyan ɗiyata da shi a Akokan

Mu shida muka bar Damagaram ana idar da sallar asuba: ni, da direba Ba'abzine mai ƙarancin magana, da wata Kirista 'yar Maraɗi da za ta wurin mijinta, da fatake biyu masu buhunan gero, da wani tsoho da bai ajiye tasbaha ba har muka sauka. Ɗiyata Hadiza ce ta haihu a Akokan, kusa da Arlit. Mijinta yana cikin waɗanda aka sallama daga ramin uraniyom, ya wuce Aljeriya neman aiki. Ban ga abin zama ba.

Daga Tanut zuwa sama, fari ya gama da komai. Mushen shanu a bakin hanya, fata da ƙaho kawai. A Agadas muka kwana biyu muna jiran rakiyar soji, don saboda tawaye ba a barin mota ta bi hanyar Arlit ita kaɗai. Tiyar gero a can ta kusa ninka ta gida. Sun ce hanyar kwalta ce. Ni dai ramuka na gani, da ɗan kwalta a tsakaninsu.

Akokan ba inuwa. Tudun ƙasar da aka haƙo ya fi kowane gini tsawo, gidajen ma'aikata kuwa rabi a kulle. Na tarar da Hadiza ta koma aiki tun ba ta yi arba'in ba, a wata rumfar kwano inda mata goma sha ɗaya ke ɗinka kayan aikin masu shiga rami. Na zauna a bakin ƙofa yini guda ina kallo. Yadin yana da kauri, allura na karyewa, kuma wadda ta karya ita ke sayen wata. Kowace riga dala sittin ta sefa, amma rabi ne kuɗi. Sauran rabin mai rumfar yana ba su wani ƙyalle mai kauri, ruwan toka, da yake samowa daga wajen ma'aikatar uraniyom. Su yi labule da katifa su kai kasuwa. Da shi Hadiza take goya jikata.

Ban yi karatu ba, amma na yi kaɗi shekara da shekaru, hannuna ya san yadi. Wannan ko an wanke shi sai ya bar gari a yatsa. Na kai wa maƙwabcinsu, wani dattijo da ya yi aiki a ma'aikatar har tari ya zaunar da shi. Ya ƙi taɓawa.

"Inna, da wannan ake tace uraniyom, guba gare shi. Mu a ciki ko fita da shi ba a bari. Cire yarinya daga ciki."

Washegari na naɗe majanyin na je na ajiye wa mai rumfar a kan teburinsa, a gaban matan.

"Alhaji, ga tsaraba. Kai wa maiɗakinka ta goya autanka."

Kekunan ɗinki suka tsaya. Ya ce, "Haba Inna, ni ma kamfani ya rage mini aiki. In na biya duka kuɗi, sai na sallami uku."

"To faɗa musu ko wane ne ukun, ka dubi idonsu."

Bai sallami ko ɗaya ba. Bayan la'asar ya ce ya daina ba da ƙyallen, ya ƙara dala goma a kan rabin kuɗin da yake biya. Ba sai an yi mini lissafi ba: abin da matan suke samu ya ragu. Wata a cikinsu ko gaisuwata ba ta ƙara amsawa ba. Hadiza ma ta ce, "Inna, ke jibi za ki tafi. Mu ne za mu zauna da yunwar." Na ce ta tattara mu koma gida. Ta ce in mijinta ya dawo, a nan zai neme ta. Muka haƙa rami bayan gari muka binne katifarta da labulenta na ƙyallen, na bar mata mayafina ta yi goyo.

Komowa ta fi zuwa tsawo. Mota ta lalace kafin Adarbisinat, muka yini a ƙarƙashinta muna cin cuku da dabino. Na iso Damagaram ban san ko gyara na yi ko ɓarna ba, har yanzu kuma ban sani ba. Abin da na sani, jikata ba ta kwana a cikin wannan abin. Na kuma gane cewa duk rigar da aka samu da araha, akwai wadda ta cika sauran da bayanta da idonta.

Da gari ya waye na sayi turmin atamfa na kai wa telan unguwarmu ya yanka majanyi huɗu, don masu goyo huɗu ne a rumfar, har da wadda ta daina gaishe ni. Ya faɗi kuɗinsa, ya gyara zama yana jiran faɗan da muka saba shekara ashirin. Na kwance bakin zane na ba shi cif.

Ya ce, "Inna, lafiya kuwa?"

Na ce, "Ɗinka da kyau. Motar Arlit ranar Talata take tashi."